Faransa: Yadda fargaba ke zaɓa wa iyalan Yahudawa unguwa da makaranta

A Faransa, ƙasar da ta fi kowace yawan Yahudawa a Turai, neman gida ya wuce batun kuɗin haya. Tun bayan harin 19 ga Maris 2012 a makarantar Ozar Hatorah da ke Toulouse, inda aka kashe malami da yara 3, iyaye da dama kan fara tambayar inda yaro zai yi karatu lafiya kafin su tambayi farashi.

Tsarin makarantun gwamnati ya ƙara ɗaure lamarin, domin adireshin iyali ne ke tantance makarantar da za a tura yaro. Sauya makaranta kan tilasta sauya unguwa. Masu riƙo da addini kuwa na buƙatar wurin ibada da ƙafa za ta kai, tunda ba sa shiga mota ranar Asabar.

Wannan ya sa iyalai suka yi ta barin yankin Seine-Saint-Denis, da ke arewa maso gabashin Paris, zuwa gunduma ta 17 ta birnin da garuruwa irin su Saint-Mandé. Wasu sun kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, har da na Katolika.

Sai dai waɗannan unguwanni na masu hannu da shuni ne. Mai ƙaramin ƙarfi yana nan inda yake, maƙwabtansa Yahudawa na raguwa. Makarantar gwamnati, wadda Faransa ke tinƙaho da ita a matsayin mahaɗar 'ya'yan kowa, ita ma ta yi asara: yaron da bai taɓa zama aji ɗaya da Bayahude ba, jita-jita ce za ta zame masa malami.