Insulin ba allura: tazarar da ke tsakanin ɗakin bincike da Kafanchan

Tun da aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1922, masana ke neman hanyar mayar da shi ƙwaya. Cikas ɗin iri biyu ne: ruwan ciki yana narkar da insulin kamar yadda yake narkar da nama, ɗan abin da ya tsira kuma ba ya iya ratsa bangon hanji saboda girman ƙwayoyinsa.

A 2019, ayarin Farfesa Samir Mitragotri na Jami'ar Harvard ya wallafa wani gwaji da ya yi a kan ɓeraye. An manna wa bangon hanji wani ɗan faci mai ɗauke da insulin, aka sakar masa lantarki mai rauni ƙwarai. Lantarkin ya sassauta mahaɗar ƙwayoyin bangon na ɗan lokaci, maganin ya shiga jini, sukari ya sauka. To amma ɓera ba mutum ba ne. Akwai sauran gwajin lafiyar hanji a jikin mutane, sannan rajistar NAFDAC, sannan batun farashi.

Amfanin wannan bincike ga Kudancin Kaduna a fili yake. Insulin da ba a buɗe ba yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, alhali majinyacin da ke ƙauyukan Jama'a ko Zangon Kataf ba shi da tabbacin wuta ko firiji, ga kuɗin sirinji da na mota zuwa Kafanchan.

Sai dai jiran ƙwayar ba zai zama manufa ba. Binciken da ƙungiyar MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021 ya nuna cewa insulin da aka fara amfani da shi yana riƙe ƙarfinsa na makonni 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ke nan, rashin firiji a gida bai isa ya hana majinyaci tafiya da maganinsa ba.

Da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan a 2025, nauyin ya hau kan jami'an Abuja: firiji mai aiki da hasken rana a ma'ajiyar magunguna, horar da ma'aikatan jinya, da tabbatar da cewa inshorar NHIA ta kai ga manomin karkara. Waɗannan kasafin kuɗi suke jira, ba sabuwar fasaha ba.