Porto Riko: maganar tuta da maganar harshe

Ranar 5 ga watan Nuwamba na shekara ta 2024, mutanen tsibirin Porto Riko sun sake jefa ƙuri'ar raba gardama a kan makomar ƙasarsu, karo na bakwai ke nan tun daga 1967. Cikin ƙuri'un da aka lissafta, fiye da rabi sun nemi tsibirin ya zama jaha ta 51 cikin tarayyar Amurka. Sauran sun rabu tsakanin cikakken ƴancin kai da ƴancin kai mai haɗe da yarjejeniyar ƙawance da Amurka. Wasu dubbai kuma sun jefa takardarsu babu komi a kanta. Aka bayyana sakamako, kowa ya koma gida, al'amari kuwa ya tsaya inda yake, domin majalisar dokokin Amurka ita kaɗai ke da ikon karɓar sabuwar jaha, kuma ba ta ɗaure kanta da wannan zaɓe ba.

Ga masu karatunmu da ba su san wurin ba, Porto Riko tsibiri ne cikin tekun Karayib, faɗinsa wajen murabba'in kilomita dubu 9, wato bai kai rubu'in jahar Maradi ba, amma mutanensa sun wuce miliyon 3. Ispaniya ta mallake shi shekaru ɗari huɗu, ta kai bayi daga Afirka domin noman rake, ba a kuwa soke bauta a can ba sai 1873. Har yau kiɗan da suke kira bomba, wanda ya fi ƙarfi a garin Loiza, gangar kakanninsu ƴan Afirka ce. A 1898 Amurka ta ci Ispaniya da yaƙi ta karɓe tsibirin. A 1917 ta ba mutanensa takardar zama ƴan ƙasar Amurka, a 1952 kuma aka kafa tsarin da suke ciki yanzu: suna zaɓen gwamnansu da majalisarsu, amma ba su zaɓen shugaban Amurka, kuma wakilinsu guda ɗaya da ke Washinton ba shi da ƙuri'a in an zo zartar da doka. Ƴaƴansu sun yi wa Amurka aikin soja tun yaƙin duniya na farko.

Masu son zama jaha suna da hujja, kada mu raina ta. A 2016, da bashin tsibirin ya haura dala miliyar 70, Washinton ta naɗa wata hukuma da babu wanda ya zaɓe ta a Porto Riko, ta ɗora ta bisa kasafin kuɗin gwamnatinsu. A watan Satumba na 2017 guguwar Mariya ta faɗa musu, wasu garuruwa suka yi watanni babu wutar lantarki, gwamnatin tsibirin ta amince cewa mutane 2975 ne suka rasu. Wanda ya ga wannan, in ya ce yana son kujera da ƙuri'a a inda ake yanke hukunci a kansa, ba za a ce ya sayar da ƙasarsa ba.

Amma akwai tambayar da ba a rubuta kan takardar zaɓe ba, mu kuwa a ganinmu ita ce uwar tambayoyin: da wane harshe za a koyar da yaro, da wane harshe za a yi wa mutum shari'a?

Mutanen Porto Riko Ispaniyanci suke yi, a gida da kasuwa da waƙa da wa'azi. Tun farkon mulkinta Amurka ta yi niyyar canza wannan. Kusan shekaru hamsin ana ta sake dokokin makaranta domin a mayar da Ingilishi harshen koyarwa, ana sa malamai su koyar da lissafi da labarin ƙasa cikin harshen da su kansu ba su gama mallaka ba, ga yaran da ba su ji shi a gida ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san abin da wannan ke haifarwa: yaro ya haddace, ya maimaita, bai gane ba. Malaman tsibirin suka dage, iyaye suka goya musu baya. Bayan da aka zaɓi Luis Muñoz Marín a 1948, gwamna na farko da mutanen wurin suka zaɓa da kansu, sai shugaban ma'aikatar ilimi Mariano Villaronga ya ba da umurni a 1949 cewa Ispaniyanci shi ne harshen koyarwa, Ingilishi kuma darasi ne kamar sauran darussa. Ku lura da lokacin: a 1948 ɗin nan aka kafa dokar da ta sa ana kama mutum don ya ɗaga tutar Porto Riko, ba a soke ta ba sai 1957. Wato a shekarun da masu neman ƴanci ke ɓoye tuta, harshe ya riga ya ci nasara cikin aji.

Nasarar ba ta kai ko'ina ba. Kotun tarayya da ke San Huwan, babban birnin tsibirin, da Ingilishi take shari'a, doka ce ta tilasta hakan. Mai ƙara da wanda ake ƙara da shaidu, watakila har alƙalin, duka Ispaniyanci suka sha a nono, amma sai an sa tafinta tsakaninsu, kuma wanda bai iya Ingilishi ba ba ya shiga cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Aikin tafinta aiki ne mai daraja, amma mai yin sa ya fi kowa sanin yawan abin da ke zubewa tsakanin baki da kunne.

Tsoron masu neman ƴancin kai daga nan ya taso, kuma tarihi ya ba su misalai. Dokar 1910 da ta buɗe wa Sabuwar Meksiko da Arizona ƙofar zama jahohi ta gindaya musu sharaɗin koyarwa da Ingilishi. A Luwiziyana, tsarin mulkin jahar na 1921 ya kori Faransanci daga makaranta, aka riƙa hukunta yara don sun yi maganar gidansu. A tsibiran Hawayi, waɗanda suka zama jaha ta 50 a 1959, harshen ƙasa ya kusa mutuwa, ko da yake gaskiya ita ce tun 1896 aka fitar da shi daga makaranta, kuma a cikin zaman jaha ne aka mayar da shi harshen hukuma a 1978. Ko a cikin Porto Riko maganar ba ta kwanta ba: a 1991 gwamnati ta ce Ispaniyanci kaɗai ne harshen hukuma, a 1993 gwamnatin masu son zama jaha ta dawo da Ingilishi kusa da shi. Akwai kuma abin da ba doka ba ne amma yana taɓa zuciya. Tsibirin na zuwa wasannin Olampik da tawagarsa tun 1948, kuma da Monica Puig ta ci zinariya a Riyo a 2016, taken Porto Riko aka buga.

To, shin ƴancin kai zai tsare harshen? Mu a nan bai kamata a yi mana wannan alkawari mu gaskata da sauri ba. Mun karɓi mulkin kai a 1960, amma Faransanci ya ci gaba da riƙe makaranta da ofis da kotu shekaru da dama bayan haka, sai darussan yaƙi da jahilci suka fara ba manomi damar karanta harshensa. Filipin ma, wadda Amurka ta karɓa daga Ispaniya a shekara ɗaya da Porto Riko, ta samu ƴanci a 1946, har yau kuwa Ingilishi na cikin harsunan hukumarta.

Abin da ya fi ci wa tsibirin tuwo a ƙwarya yanzu ƙaura ce. Tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2020 mutanensa sun ragu daga miliyon 3,7 zuwa ƙasa da miliyon 3,3. Waɗanda ke zaune cikin Amurka, a Niyok da Folorida da sauransu, sun fi na gida yawa. An rufe ɗaruruwan makarantu. Wace dokar harshe ce za ta yi amfani a ƙauyen da babu yara? Kowane ɓangare ya wajaba ya faɗi yadda zai tsayar da saurayi a gida da aiki da wutar lantarki. Matasa sun fara nuna gajiyarsu: a zaɓen gwamna na 2024, ɗan takarar masu neman ƴancin kai, Juan Dalmau, shi ya zo na biyu, abin da ba a saba gani ba.

Zaɓi na mutanen Porto Riko ne, ba namu ba. Abin da muke kira gare shi shi ne majalisar Amurka ta daina barin su suna zaɓen da ba ya ɗaure kowa. Ta shirya ƙuri'a guda wadda za ta yi aiki da sakamakonta, kuma kafin ranar ta rubuta a fili, cikin Ispaniyanci, abin da zai sami harshen makaranta da na kotu da tutar wasanni a ƙarƙashin kowane zaɓi cikin ukun.