Ra'ayinmu: Mai buga taswira ya fara neman izinin mai ƙasa

A yau duk mai wayar salula yana iya hawa duwatsun Adar, ya shiga kogo, ya ɗauki hoto tare da alamar inda wurin yake, kafin magariba duniya ta gani a intanet. Tambayarmu ita ce: da izinin wa?

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ɗan gari ke yi masa jagora bisa amana, shi kuma ya koma gida ya bayyana hanyar ga kowa. Wanda za a tattake wa gero, a tone wa kaburburan kakanni, ba a ko shawarce shi ba.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana. A 1975 aka gano makabartar Bura a yankin Tera, masani Bube Gado ya yi tono a wurin a 1983. Da aka baje kolin gumakanta na yumɓu a Paris a 1993, sunan Bura ya kai kunnen dillalan Turai, maharan dare suka afka wa yankin da diga da shebur. Kafin shekarar 2000, kayan Bura sun shiga jerin kayan tarihin Afirka da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta yi kashedi a kan sayensu. Idan suna kawai ya jawo wannan ɓarna, ina ga taswira mai nuna hanya?

Wasu za su ce ilimi na kowa ne. Gaskiya ne, kuma mu da muka ci moriyar 'yancin faɗar albarkacin baki tun Taron Ƙasa na 1991 ba za mu nemi a rufe bakin kowa ba. Amma 'yancin bugawa bai ba mutum mabuɗin gidan wani ba. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar ƙasa ta gargajiya, dokar 1997 kuma ta kare kayan tarihi.

Don haka muna kira ga sarakuna da hukumomin filaye na Illela, Malbaza da Ƙonni da su tsaya a kan ƙa'ida guda: kogo ne, ko wurin al'ada irin na Arnan Masalata, ba a bayyana inda yake sai mai gona da mai gari sun yarda. Cikakkiyar taswira a ajiye ta a cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Ga jama'a, sunan yanki ya wadatar.

Gaba ta kai mu a Bura. Kada mu bari a maimaita a Adar.