Filin Kanikawa: Kan Batir Mai Sifirin Ba Ya Son Guduma

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wani ɗan ƙaramin abu wanda ya sha jawo wa masu tsofaffin motoci babbar hasara, wato cire kan wayar batir irin mai sifirin.

Kan wayar da muka saba gani a Peugeot 504 da sauran motocin da ke garuruwanmu yana da ƙusa da noti, a sassauta da sifana a ɗaga. Amma motocin kamfanin General Motors na Amurka, irin su Chevrolet da Pontiac da Buick da Oldsmobile na shekarun 1960, da yawansu ba haka suke ba. Nasu kan dalma ne da zoben ƙarfe mai sifirin a ciki, da kunnuwa biyu a gefe. Sifirin ɗin ne ke damƙe sandar batir, babu noti ko ɗaya. Daga farkon shekarun 1970 kamfanin ya koma ga batir mai kai a gefe, saboda haka yawancin yaran gareji na yau ba su taɓa ganin irinsa ba. To, rashin sani ya fi dare duhu. Yaro ya duba bai ga abin kwancewa ba, sai ya ɗauko sukudireba da guduma.

Da farko a kashe inji, a zare makulli, a cire zobe da agogon hannu, kada kuma a kusanto da taba ko wuta, domin batir yana fitar da iskar haidurojin mai saurin kamawa. Sa'an nan a fara cire wayar da aka ɗaure da jikin mota. Dalili kuwa shi ne, idan filaya ta taɓa ɗaya kan da jikin mota alhali waccan waya tana nan haɗe, ɗaruruwan amfa ne za su bi ta cikin ƙarfen nan take. A waɗannan motoci na shekarun 1960 wayar jiki ita ce mai alamar ragi (-). Amma muna jan kunne, motocin Ford na Amurka har zuwa 1955, da motocin Ingila da yawa har cikin shekarun 1960, kan mai alamar ƙari (+) ne a haɗe da jiki. Don haka a bi wayar da ido a ga inda ta ƙare.

Yadda ake cirewa shi ne, a samu filaya mai faɗin baki, a kama kunnuwan nan biyu a matse su wuri ɗaya. Matsewar ce ke buɗe zoben. Ana riƙe da shi haka sai a ɗaga sama kai tsaye. Kada a matse fiye da abin da zai sa ya saki, domin dalma tana tsagewa, sifirin da ya haura shekara 50 kuma yana iya karyewa ko ya rasa ƙarfinsa.

Idan farin garin nan ya kama shi ya ƙi motsi, a jiƙa bekin soda a ruwa, in babu, ruwan kanwa ma yana kashe kaifin ruwan batir. A zuba kaɗan a kan wurin, a jira kumfa ta kwanta, a goge da buroshi. Sai dai a kula kada ya shiga ramukan batir. In har yanzu ya ƙi, akwai ɗan ƙarfe mai farata biyu da ƙusa a tsakiya wanda aka yi musamman don janye kan batir, ana iya tambayarsa a Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Ankara. Mutum ɗaya ya matse kunnuwa, ɗaya ya juya ƙusar a hankali. Banƙarewa da sukudireba ko murɗawa da ƙarfi suna sassauta sandar a gindinta, ruwan batir ya riƙa tsattsafowa, wani lokaci ma ta karye daga ciki, batir ya mutu ke nan.

Wajen mayarwa, a tsabtace sandar amma kada a kankare dalmarta da yawa. Mai noti in ya yi sako-sako ana ƙara ɗaurewa, shi wannan kuwa ba abin ɗaurewa. Kada kuma a musanya kawunan, domin sandar (+) ta fi ta (-) kauri, wajen milimita 17.5 da 15.9. A matse kunnuwa, a tura ƙasa da hannu, ban da bugu. Wayar jiki ita ce ta ƙarshe, sa'an nan a shafa ɗan giris a sama.

Mai irin wannan mota yana alfahari ne da kayanta na asali, kuma samun wani sai an yi oda daga waje da kuɗi mai yawa. Shawararmu ga iyayen gida masu gareji ita ce, su nuna wa yaransu wannan dabara tun motar ba ta zo ba. Sai mun sadu a wata mai zuwa.