Allurar Zango da Ƙyallen Bagade

A wannan wata rumfar maɗinka za mu leƙa, domin akwai wani ciniki da ke suɓuce wa 'yan Zango muna ji muna gani.

Mu Hausawa a tabarma muka saba cin abinci, shi ya sa ƙyallen tebur bai dame mu ba. Amma maƙwabtanmu Kirista, Kabiye da Moba da sauransu, in Kirsimeti ko Ista ta zo, ko ana bikin aure ko baftisma, sai an shimfiɗa ƙyalle mai kyau kafin a ajiye kwano. A coci kuwa abin ya wuce ado. Dokar Katolika ce ba a yin addu'ar Misa sai an rufe bagade da farin ƙyalle, ko da guda ɗaya ne. Kafin gyare-gyaren shekarun 1960 ma uku ake shimfiɗawa, na lilin. Sokode ta zama mazaunin bishop tun 1955, Dapaong kuma tun 1965, ga coci-coci birjik a ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu, kowanne da bagadensa.

To, wa ya fi cancanta da wannan aiki? Masaƙa suna nan a Sokode da Bafilo, ga mata masu saƙa a Dapaong. Haɗa ƙwarya da ƙwarya, da kalmasa baki, da surfani kuwa, ai gadonmu ne. Hannun da ya iya fitar da aska takwas a babbar riga, gefen ƙyallen tebur ba zai gagare shi ba. Lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, yadin waje ya yi tsada, masu saye suka waiwayo gida. Dama ce ta zo har ƙofa, ba mu kuwa riƙe ta da kyau ba. Yau ledar tebur da yadin Sin ne suka cika kasuwa.

Laifin ba na leda kaɗai ba ne. Wata abokiyar aikinmu a makaranta, wadda ke cikin matan da ke kula da bagaden cocinsu a Dapaong, ta kai wa wani tela namu aikin ƙyalle shunayya, ta biya kafin alƙalami. Yau da gobe, yau da gobe, sai bayan Ista da mako guda ya kai mata. Da ta yi ƙorafi ya ce ai ƙyalle ba ya ruɓewa. Bai san cewa shunayya ta kwana arba'in na azuminsu ce ba, da kuma makonni huɗu na jiran Kirsimeti. Fari shi ne na Kirsimeti da Ista, ja na Jumma'ar da suke tuna gicciye da ranar Fentikos, kore na sauran makonni. Wannan kamar a kawo wa mutum rigar Salla ne ran uku ga Shawwal. Mun ji kunya ƙwarai, don mu muka haɗa su.

Sai kuma wanki. Saƙin auduga yana tsukewa in ya sha ruwa, a jiƙa shi tukuna kafin a auna a yanka. Zaren surfani ma a gwada shi, kada ja ya zuba a kan fari tun wankin farko.

Mun san akwai masu cewa ba za su ɗinka gicciye ba. Wannan ba hurumin malamin makaranta ba ne, kowa ya tambayi malaminsa na Zango. Abin da muke roƙo shi ne a faɗa tun ranar farko, kada a karɓi kuɗin mutane a zauna a kai. Yawancin aikin ma babu gicciye a ciki: ƙyallen cin abinci, da na goge hannu, da kalmasa baki.

Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, kowane tela ya duba kalanda tun Janairu. Kirsimeti kuwa ba ta motsawa daga 25 ga Disamba. Mai son aikinta ya je ya auna tebur tun watan Oktoba.