Sharhi: Keken ɗinki ƙirar Nijar, a fara daga kayan gyara

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram neman keken ɗinki ƙirar gida, hannu wofi zai fito. Butterfly na Sin ne, Juki na kamfanin Japan ne, injin surfani ma daga waje yake zuwa, har allurarsa.

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara nisa, kuɗi suka ƙaru. Tela ne ke ji a jikinsa. Ƙaramin ƙarfe ya karye ana sauran mako biyu Sallah, sai keke ya tsaya, kayan mutane su taru, cefanen gida ya gagara.

Ba yau Nijar za ta ƙera keke sukutum ba, domin kansa na buƙatar injinan sassaƙa ƙarfe masu tsada da wutar da ba ta yankewa. Amma tebur, ƙafafu, matakin ƙafa da bel ba su fi ƙarfin kafintoci, masu walda da dukawanmu ba.

Nan ya kamata hukumomi su fara. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi ta zauna da masu gyaran keke, a tantance ƙarafan da suka fi lalacewa, ɗalibai su koyi ƙera su. Asusun FAFPA ya ɗauki nauyin horon. Ranar da tela ya sami kayan gyara a unguwarsu, an kama hanya.