Bayani A Kan Sauya Tsofaffin Kayan Tsaro Na Tashoshin Lantarki

Ranar Asabar 19 ga Oktoba, 2024, da wajen ƙarfe takwas da kwata na safe, wata na'ura mai auna wutar da ke bin waya ta fashe a tashar lantarki ta Jebba. Nan take injunan ba da wuta suka riƙa tsayawa bi da bi, har wuta ta ɗauke a yawancin Nijeriya. Haka hukumar NERC, mai sa ido a kan sha'anin lantarki, ta bayyana. Na'urar nan tana cikin jumlar kayan tsaro na tasha, waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai ranar da suka kāsa.

Ya kamata mai karatu ya san yadda tsaron yake. Misalinsa kamar majalisar shari'a ce. Ma'aunin wuta shi ne shaida, yana faɗin abin da ke gudana cikin waya. Na'urar da ma'aikata ke kira rile ita ce alƙali, tana jin shaida ta yanke hukunci. Bireka, watau makatsin wuta, shi ne dogari mai zartarwa. Akwai kuma batura da ke riƙe da su ko da wutar tasha ta ɗauke. Idan tsawa ta faɗa wa waya ko itace ya taɓa ta, ana gama shari'ar nan cikin kusan kashi ɗaya daga goma na sakan, a ware wurin da ya ɓaci, saura su ci gaba da aiki. In ɗayansu ya yi nawa, sai tasoshin da ke nesa su katse, duhu ya game lardi guda, ko kuwa babbar taransifoma ta ƙone, wadda ƙera madadinta kan ɗauki fiye da shekara.

To, aibin kayan nan shi ne tsufansu ɓoyayye ne. Rile yakan zauna shekaru ba a bukace shi ba, ba wanda zai san ya mutu sai an jarraba shi ko masifa ta zo. Irin na dā, mai faifai da waya naɗaɗɗiya, yakan kai shekara 40 yana aiki. Na zamani mai kwamfuta ya fi shi basira, har yana rubuta labarin kowace ɓarna, amma bayan shekara 15 zuwa 20 maƙeransa sukan daina yin kayan gyaransa.

Masu riƙe da baitulmali suna da hujjarsu. Sukan ce sabon rile ba ya ƙara wa gari wuta ko kaɗan, alhali sabuwar taransifoma kowa na ganinta, saboda haka abin da ke aiki a ƙyale shi. Amsar wannan tana wurin 'yan kasuwa. Ba attajirin da ke auna kuɗin kwaɗo da ladan mai gadi da ribar da suka kawo. Da dukiyar da ke cikin rumbu yake auna su. Haka nan kuɗin rile ƙanƙane ne a kan na taransifomar da yake tsarewa, balle a haɗa da asarar masana'antun Sharaɗa da Bompai, da masu niƙa, da masu walda, da kuɗin man janareta.

Sai dai kuma a tumɓuke kome rana ɗaya almubazzaranci ne, kuma kayan da aka sa tare za su tsufa tare. Hanyar da ta dace tana da matakai uku. Na farko, a yi rajistar kowace na'ura: shekarunta, da sakamakon jarrabata, da sau nawa ta yi kuskure, da ko kayan gyaranta na samuwa. Na biyu, a jera su bisa ma'auni biyu, watau kusancin lalacewa da girman asarar da za ta biyo baya. Da wannan hisabi tsohon rile a Mando ta Kaduna ko Kumbotso ta Kano, inda manyan wayoyi masu kilobolt 330 ke sauka, zai riga takwaransa na ƙaramar tasha. Na uku, a tsara lokaci, gama ba a sauya kayan sai an kashe layin. A yi kashi kashi sa'ad da wani layi zai ɗauki nauyin, a daidaita sabon rile da na maƙwabtan tasoshi, a horar da masu kula da shi.

A shekarar 2018 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 486 domin gyaran tasoshi da manyan wayoyin Nijeriya, waɗanda ke hannun kamfanin TCN. Bashi ne a wuyan jama'a, don haka haƙƙinsu ne su ji na'urorin tsaro nawa aka sauya, nawa suka rage, da shekarar da aka yanka wa kowace tasha. Hukumar da ta iya nuna wannan rajista ta kafa hujjar kuɗin da take nema. Wadda ta jira sai wuta ta tashi, ta manta ba a fafe gora ranar tafiya.